Mata ma'aikata da aikin sa-kai a rumbun Wikipedia

Wikipedia na daga cikin shafukan intanet da aka fi ziyarta a duniya, amma binciken da aka sha gudanarwa tun daga shekara ta 2010 ya nuna cewa mafi yawan masu rubuta shi maza ne.

A arewacin Najeriya, inda sashen Hausa na rumbun ke ta bunƙasa, batun ya fi shafar mata masu ilimi da ke aiki a asibitoci da makarantu da kotuna da gidajen rediyo, irin waɗanda ke cika ofisoshin Doka da kewayenta a tsakiyar birnin Kaduna kowace safiya.

Su ne ke da sanin da ake nema. Su ne kuma suka fi ƙarancin lokaci.

Yadda rumbun yake

A ranar 15 ga watan Janairun 2001 ne wasu Amurkawa biyu, Jimmy Wales da Larry Sanger, suka buɗe Wikipedia. A shekara ta 2003 aka kafa Gidauniyar Wikimedia domin ta kula da na'urori da kuɗaɗen gudanarwa, kuma da gudummawar jama'a take rayuwa.

Gidauniyar ba ta rubuta maƙaloli. Masu aikin sa-kai ne ke rubutawa, su gyara wa juna, su yi muhawara kan abin da ya kamata a bari da wanda ya kamata a cire. Tsari ne mai kama da aikin gayya, sai dai gonar ta kowa ce, kuma mafi yawan manoman ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Rumbun na da sassa a harsuna fiye da 300. Na Ingilishi shi ne mafi girma, kuma ya haura maƙaloli miliyan 7 a shekara ta 2025. Kowane sashe na da nasa masu gyara da nasa dokokin cikin gida, saboda haka abin da ke sashen Ingilishi ba ya shiga na Hausa sai wani ya zauna ya rubuta shi.

Giɓin da aka gano

Wani bincike da cibiyar UNU-MERIT ta Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2010 ya gano cewa mata ba su kai kashi 13 cikin ɗari na masu bayar da gudummawa ba. Binciken da gidauniyar ta yi da kanta a 2011 ya ba da adadin da ya gaza haka, kimanin kashi 9 cikin ɗari.

Shugabar gidauniyar a wancan lokaci, Sue Gardner, ta sanya burin ɗaga adadin zuwa kashi 25 cikin ɗari kafin 2015. Ta kuma tattara dalilai tara da matan da kansu suka bayar na ƙauracewa aikin. Daga ciki akwai rashin lokaci, da wahalar amfani da shafin gyara, da ƙin shiga jayayya, da fargabar cewa wani zai zo ya share abin da suka sha wahalar rubutawa.

Burin bai cika ba. A 2014 Jimmy Wales ya amsa a bainar jama'a cewa sun gaza.

Illar wannan giɓi ta fi bayyana a tarihin rayuwar mutane. A shekara ta 2014, maƙalolin da suka shafi mata ba su wuce kimanin kashi 15 da rabi cikin ɗari na tarihohin da ke sashen Ingilishi ba. Sai a ƙarshen 2024 adadin ya kai kashi 20, bayan shekaru goma ana aiki tuƙuru a kai.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Donna Strickland, masaniyar kimiyyar fizis a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada. A watan Mayun 2018 wani mai dubawa ya ƙi amincewa da daftarin tarihinta, bisa hujjar cewa madogaran da aka kawo ba su nuna ta shahara ba. A watan Oktoban wannan shekara ta samu lambar yabo ta Nobel, mace ta uku da ta samu a wannan fanni, a daidai lokacin da ba ta da shafi.

Hakazalika, wani nazari da Francesca Tripodi ta Jami'ar North Carolina ta wallafa a 2021 ya nuna cewa an fi gabatar da tarihohin mata domin a goge su, idan aka kwatanta da yawansu a rumbun.

Idan haka ta faru da farfesa a Kanada, wadda ayyukanta ke cikin mujallun kimiyya, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane matsayin ungozoma ko shugabar makarantar da ta yi shekara talatin tana aiki a Kaduna.

Abin da Kaduna ke da shi

Doka ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, kuma a wannan ɓangare na arewacin kogi ne Turawan mulkin mallaka suka kafa cibiyar mulkin Arewa bayan sun baro Zungeru a 1917. Birnin ya ci gaba da zama fadar gwamnatin Jihar Arewa har zuwa 1967 da aka rarraba jihohi.

Wannan tarihi ya bar wa Kaduna abin da birane kaɗan ke da shi a Arewa, wato takardu.

A kan titin Yakubu Gowon akwai reshen Kaduna na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda aka adana fayilolin lardunan Arewa da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. A titin Rabah akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970 ta hannun Farfesa Abdullahi Smith, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A titin Ali Akilu akwai gidan tarihi. A titin Ahmadu Bello kuwa akwai dogon ginin jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa a ranar 1 ga Janairun 1966.

Muhimmancin waɗannan wurare ga mai rubutu a Wikipedia shi ne, dokar rumbun ba ta ce dole madogara ta kasance a intanet ba. Littafi ko tsohuwar jarida da ke kan kanta a ɗakin karatu hujja ce karɓaɓɓiya, muddin an faɗi suna da ranar bugu da shafi. Mai gyara da ke zaune a Landan ko Legas ba zai iya buɗe kundin Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun 1950 ba. Malamar makarantar da ke iya shiga keke-napep daga Magajin Gari zuwa ɗakin karatun da ke da irin wannan kundi tana da damar da shi ba shi da ita.

Sunayen da za a nema a cikin waɗannan takardu suna da yawa. Akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, kuma ta sha ɗauri saboda neman a bai wa matan Arewa 'yancin zaɓe, 'yancin da ba su samu ba sai a 1976. Akwai Hajiya Laila Dogonyaro, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a farkon shekarun 1960. Akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta riƙe editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, ta kuma yi aiki da mujallar Citizen, kafin rasuwarta a turmutsitsin Mina a watan Satumban 2015. Akwai Misis Pamela Sadauki, wadda ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a farkon shekarun 1990 a zamanin soja, shekaru da dama kafin a zaɓi Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe a wannan muƙami a 2019.

Irin waɗannan fitattu sun samu shiga rumbun, ko da yake wasu shafukan gajeru ne, wasu kuma na buƙatar ƙarin hujjoji. Inda aikin ya fi yawa shi ne sahun da ke bayansu: matan farko da suka shugabanci makarantun 'yan mata, da manyan jami'an jinya, da masu gabatar da shirye-shiryen mata a gidan rediyon Kaduna tun bayan buɗe shi a 1962, da alƙalai, da malaman makarantun Islamiyya na matan aure. Waɗanda suka san sunayen nan su ne ɗalibansu da waɗanda suka gaje su a bakin aiki, kuma akasarinsu mata ne.

Ba tarihin mutane kaɗai ba. Fannoni kamar rainon ciki da shayarwa, da girke-girke irin su fate da masa da dambu, da sana'o'in cikin gida, da tsarin adashe, da waƙoƙin amada na irin su marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da adabin marubuta kamar Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu, duk abubuwa ne da mai rubutun da ya san su daga nesa kan yi musu taƙaitaccen bayani ya wuce.

Sashen Hausa da matsalar inganci

Sashen Hausa ya daɗe yana tafiyar hawainiya. A cikin shekarun 2020 ne ya haura maƙaloli 10,000, daga nan kuma ya ninka sau da dama, sakamakon gasanni da tarukan horaswa da ƙungiyar Hausa Wikimedians User Group ke shiryawa a biranen Arewa. Ƙungiya ce ta masu sa-kai da Gidauniyar Wikimedia ta amince da ita, kamar yadda ta amince da Wikimedia User Group Nigeria a 2015. A watan Nuwamban 2019 Abuja ta karɓi baƙuncin WikiIndaba, taron masu wannan aiki na nahiyar Afirka.

Jihar Kaduna ma ta shiga tarihin rumbun ta wata ƙofa, domin a 2022 aka buɗe sashen harshen Tyap, wanda al'ummar Atyap ta kudancin jihar ke magana da shi.

To sai dai yawa ba shi ne inganci ba. Duk wanda ya saba karanta sashen Hausa ya san akwai maƙalolin da aka juyo daga Ingilishi da na'urar fassara, aka liƙa ba tare da gyara ba. Kalmomin na Hausa ne, amma jimlar ba ta Bahaushe ba ce, a wasu lokuta ma ma'anar takan juye gaba ɗaya. A maƙalar da ta shafi ɗan ƙwallo abin na iya zama abin dariya. A maƙalar da ta shafi zubar jini bayan haihuwa ko maganin zazzaɓin cizon sauro, haɗari ne.

Wannan matsala ta taɓa fallasa a wani wuri. A watan Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen Scots na yankin Sikotland, shi ne ya rubuta dubban maƙaloli a sashen wannan harshe, da kyakkyawar niyya amma da gurɓataccen harshe. An kwashe shekaru babu wanda ya tsawatar, saboda masu jin harshen ba sa cikin masu gyara.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne, manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna koyon harsuna ne daga rubutun da ke intanet, kuma ga harsunan da ba su da rubutu mai yawa a can, Wikipedia na daga cikin manyan wuraren da suke ɗiba. Gurɓatacciyar Hausa da ta shiga rumbun takan koma cikin na'ura, ta sake fitowa a matsayin fassara.

A nan ne ake ganin amfanin ma'aikaciyar jinya a asibitin Barau Dikko, ko malamar Hausa a makarantar sakandare, ko lauya mai zuwa kotun shari'a. Ba lallai ne ta rubuta sabuwar maƙala ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke yi wa mata bayanin hawan jinin masu ciki da Hausa kowace ranar awo ta san kalmar da ake fahimta da wadda ba a fahimta. Sakin layi ɗaya da ta daidaita zai iya fin maƙaloli goma na na'ura amfani.

Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko shi ne lokaci. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na ayyukan kula da gida da iyali da ba a biya, fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Ma'aikaciyar da ta tashi daga ofis da la'asar na da girki da aikin makarantar yara da ziyarar dubiya da barka da gaisuwar mutuwa a gabanta. Neman ta ƙara wani aiki na kyauta a kan wannan ba ƙaramin roƙo ba ne, kuma masu sukar shirye-shiryen jawo mata sun sha yin wannan tambaya: me ya sa za a ɗora wa mata gyaran giɓin da ba su suka haƙa ba?

Na biyu kuɗi da kayan aiki. Rahotannin ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta GSMA sun nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, mata na bayan maza da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen amfani da intanet ta waya. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. Ga kuma rashin tabbas na wutar lantarki.

Na uku shi ne mutunci. Cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana nazari kan dalilan da ke hana matan Arewa shiga intanet, kuma cin zarafi da fargabar ɓata suna na daga cikin abin da take nunawa. Iyaye da mazaje da yawa na yi wa intanet kallon Facebook da TikTok, wuraren hotuna da hira da baƙi.

Wikipedia ta bambanta da waɗannan ta fuskoki da dama. Ba a buƙatar hoto ko sunan gaskiya kafin a buɗe asusu, kuma da yawa daga cikin masu gyara na amfani da laƙabi ne. Mafi yawan tattaunawa kan gudana ne a fili, a shafukan da kowa ke iya karantawa, kuma duk abin da aka rubuta yana nan a tarihin shafin. Wannan bai kawar da cin fuska ba. Emily Temple-Wood, wadda ta kafa shirin rubuta tarihin mata masana kimiyya a 2012, ta sha samun saƙonnin batsa lokacin tana ɗaliba, har ta ɗauki alkawarin rubuta tarihin mace ɗaya a kan kowane saƙo. A ƙarshen 2020 hukumar gidauniyar ta amince da wata dokar ɗa'a ta bai ɗaya da ta haramta tsangwama a dukkan sassan rumbun.

Ƙa'idojin da sabuwar shiga ke cin karo da su

Abin da ya fi karya gwiwar masu farawa shi ne a goge aikinsu na farko, kuma sau da yawa dalilin shi ne rashin sanin ƙa'ida.

Babbar ƙa'ida ita ce kowace magana sai da madogara da wani zai iya komawa ya duba. Ga wanda ya yi karatun hadisi wannan ba baƙon abu ba ne: ba a karɓar matani sai an ga isnadi, kuma ba kowane mai ruwaya ake yarda da shi ba. A rumbun ma haka ne. Littafin da madaba'a ta buga, ko mujallar jami'a, ko jaridar da ke da editoci, sun fi ƙarfi. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ba hujja ba ne.

Daga wannan ne sauran suka samo asali. Ba a yarda mutum ya rubuta abin da ya gano da kansa ba, ko da gaskiya ne, sai an taɓa wallafa shi. Ba a yabo, ba a suka, ba a kirari. Inda aka yi saɓani sai a kawo kowane ɓangare gwargwadon ƙarfinsa. Wannan kan yi wa mai rubutun Hausa wuya da farko, ganin yadda aka saba rubuta tarihin manya da salon yabo da addu'a. Ba a kuma kwafo rubutun wani ko hotonsa ba tare da izini ba.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi ma'aikata kai tsaye. Ana matuƙar jan kunnen mutum kan rubuta tarihin kansa, ko na mijinta, ko na shugabanta a wurin aiki, ko tallata ma'aikatar da ke biyanta albashi. Tun daga 2014 sharuɗɗan gidauniyar suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu da ya bayyana hakan. Bugu da ƙari, ma'aikaciyar gwamnati na ƙarƙashin dokokin sirrin ofis, ma'aikaciyar lafiya kuma na ƙarƙashin amanar marasa lafiya. Abin da ke cikin fayil ɗin ofis ba kayan Wikipedia ba ne.

Shi ya sa tsofaffin hannu kan shawarci mai farawa da ta soma da ƙananan abubuwa: gyaran ƙa'idar rubutu, sanya ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ƙara madogara a inda babu, ko daidaita jimlar da fassara ta karya. Duk ana iya yinsu ta wayar hannu cikin mintuna goma, kuma allon rubutu na Gboard na da haruffan Hausa. Ma'aikatan ɗakin karatu na da wani shiri nasu mai suna 1Lib1Ref, wanda aka fara a 2016, inda ake neman kowane ma'aikaci ya ƙara madogara guda ɗaya tak.

Shirye-shiryen jawo mata

A watan Yulin 2015 Rosie Stephenson-Goodknight da Roger Bamkin suka kafa shirin Women in Red. Sunan ya samo asali ne daga launin mahaɗi: sunan da ba shi da shafi yakan fito da ja, mai shafi kuma da shuɗi. Aikinsu shi ne mayar da ja zuwa shuɗi.

A Afirka, shirin Wiki Loves Women ya fara a 2016 a Najeriya da Ghana da Kamaru da Kodebuwa, ƙarƙashin jagorancin Florence Devouard da Isla Haddow-Flood tare da cibiyar Goethe ta Jamus. A ranar 8 ga Maris ɗin 2018 ma'aikatar harkokin wajen Suwidin ta ƙaddamar da WikiGap, inda ofisoshin jakadancinta a ƙasashe da dama ke karɓar baƙuncin zaman rubutu na gayya. Matan nahiyar biyu sun samu lambar gwarzon shekara ta Wikimedia a jere: Emna Mizouni ta Tunisiya a 2019 da Sandister Tei ta Ghana a 2020.

Misalin da ya fi dacewa da mace mai aiki shi ne na Dokta Jess Wade, masaniyar fizis a Imperial College da ke Landan. Ba ta ajiye aikinta ba, amma ta rubuta tarihin masana kimiyya fiye da dubu, galibi mata, ta hanyar ware ɗan lokaci da yamma.

Ƙorafin da ake yi kan zaman rubutu na yini guda shi ne, mutane kan zo su koya, a ɗauki hoto, a watse, kaɗan ne ke sake buɗe shafin. Abin da ke riƙe mutum shi ne samun wanda zai tambaya idan ya maƙale. Kan wannan Arewa na da tsohon misali. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horas da jajoji su koma ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu. Tsarin bai nemi mace ta bar ɗawainiyarta ba, ya kai mata karatun ne ta hannun wadda ta amince da ita.

Ƙungiyoyin da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi suna nan a Kaduna: Jam'iyyar Matan Arewa, da FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985, da rassan ƙungiyoyin mata likitoci da lauyoyi da 'yan jarida, da malaman Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Gidauniyar Wikimedia kan bayar da ƙananan tallafi ga masu shirya taro domin kuɗin data da zaure, amma ba ta biyan kowa ladan rubutu.

Akwai dai wata riba ga masu bincike. Duk wadda ta yi wata shida tana aiki, ta kai gyara 500, kuma ba ta daina ba, tana iya samun shiga kyauta cikin dubban mujallu da littattafan ilimi ta hanyar shirin Wikipedia Library, waɗanda a wani wuri sai an biya da dala.

Bayan Wikipedia

Wadda rubutu bai dame ta ba tana da wasu ƙofofi. Wikimedia Commons, da aka buɗe a 2004, ma'adana ce ta hotuna da sauti, kuma gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014 ta can ake shigarta. Hoton ginin majalisa na Lugard Hall, ko na tukunyar dambu a kan wuta, gudummawa ce, in dai mai ɗaukar ce ta ɗauka da kanta kuma ta nemi yardar duk wanda fuskarsa ta fito. Wikidata, da aka fara a 2012, na buƙatar a sanya wa abubuwa sunayensu na Hausa. Wiktionary ƙamus ne. Shirin Common Voice na kamfanin Mozilla kuwa na tattara muryoyin masu karanta gajerun jimloli, kuma Hausa na cikin harsunansa. Manhajar da aka horas da muryoyin maza kaɗai takan kasa gane muryar mace.

Matsalar da har yanzu ba a warware ba ita ce ta ilimin baka. Mafi yawan abin da tsofaffin mata suka sani game da tarihin unguwanni da sana'o'i da al'adun aure da haihuwa ba a taɓa rubuta shi ba, kuma dokar madogara ba ta karɓar abin da aka ji daga bakin kaka. A 2011 wani ɗan Indiya mai suna Achal Prabhala ya gwada shigar da hujjojin baka a wasu sassan harsunan Indiya da Afirka ta Kudu, amma manyan sassan rumbun ba su karɓi tsarin ba.

Hanyar da ta rage ita ce a fara wallafa bayanin a wani wuri mai inganci. Haka ta faru da Baba ta Karo, wata dattijuwa, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga shi littafi a 1954. Saboda wannan littafi ne ake iya kafa hujja da maganarta a yau. 'Yar jaridar da ta yi hira da tsohuwar ungozoma a Unguwar Shanu ta buga a jarida, ko malamar jami'ar da ta sa ɗalibarta ta yi nazari a kai aka wallafa a mujalla, ta samar da madogarar da wata za ta ɗauka ta kai rumbun.